Ciwara: kan gwankin da Bamana ke ɗauka a bikin noma

Malamin Tarihi, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna a kan wani abu da da yawa daga cikinmu suka sha gani amma ba kasafai ake tsayawa a tambayi asalinsa ba, wato sassaƙen itacen nan mai siffar gwanki, mai dogayen ƙahoni da geza mai huje-huje, wanda ake sayarwa a shagunan kayan gargajiya, ake kuma jerawa a zaurukan otal-otal. Sunansa Ciwara, kuma na mutanen Bamana ne na ƙasar Mali, waɗanda mu muka fi sani da Bambara. A wurin masu shi, ana ɗaure shi ne a kan wani ɗan kwando mai kama da hula, saurayi ya aza a ka ya ɗaure da igiya a haɓa, ya lulluɓe jikinsa da dogayen zare-zaren tsirrai da aka rina baƙi, ya riƙe sanduna biyu a hannu, ya duƙa, sannan ya shiga rawa a bakin gona ko a dandalin gari. Biyu-biyu suke fitowa, namiji da mace, ko da yake duka biyun maza ne ke ɗaukar su. Abin da nake gani shi ne, duniya ta ɗauki itacen ta yi ta yabonsa, ta bar abin da aka yi shi dominsa, wato girmama manomi da aikin gona. Ina neman waɗanda suka fi ni sanin ƙasar su ƙara mana haske, waɗanda kuma suke da saɓanin ra'ayi su faɗa.

Ɗan Zangon Bamako:
Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina harkar fatauci tsakanin Bamako da Segu da Sikaso, kuma na samu halartar irin wannan biki a wani ƙauye da ke yamma da Segu, lokacin da ake noman farko na gero. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda abin yake tafiya tare da aiki. Samarin gari sun jeru a gona ɗaya, kowa da fartanyarsa mai gajeren ƙota, makaɗa na biye da su, 'yan mata na tafi suna waƙa suna kiran sunan wanda ya wuce 'yan'uwansa a kunya. Can sai ga masu ɗauke da Ciwara sun fito daga gefen daji, a duƙe, sandunan nan biyu suna tsaga ƙasa kamar ƙafafun gaba na dabba. Ba a ganin fuskarsu. Namijin yakan yi tsalle gefe guda, ya girgiza kai har ƙahonin su karkata su dawo, macen kuma tana biye da shi a hankali. Bayan kowane ɗaya akwai budurwa da ke yi masa fifita. Da suka iso, sai na ga samarin da gajiya ta fara kamawa sun sake duƙawa da sabon ƙarfi, domin ba wanda yake so a ce Ciwara ta zo ta same shi a baya.

A harshensu, manomin da ya yi fice wajen ƙwazo shi ma Ciwara ake kiransa. Saboda haka idan ka ji dattijo ya ce wa yaro ya zama Ciwara, ba maganar itace yake yi ba, yabo ne mafi girma da za a yi wa mai aikin gona.

Malama Mai Koyar da Zane, Kano:
Alhaji, mun gode da wannan bayani na wanda ya gani da ido. Ni kuma zan yi magana a kan sassaƙar kanta, domin ina ganin Malamin Tarihi ya ɗan rage mata daraja, alhali aikin hannu ne da ya cancanci a tsaya a kalle shi da kyau.

Masana sun raba Ciwara kashi uku bisa yanki. Na farko shi ne mai tsayuwa tsaye, wanda aka fi samu a gabas, wajen Segu da Kutiyala da Sikaso, kuma shi ne wanda duniya ta fi sani. Namijinsa yakan kusa kai mita ɗaya a tsayi, da dogon baki, da ƙahoni masu lanƙwasa ta baya, da faffaɗar geza da aka huda ta layi-layi cikin siffar zigzag, har haske yana ratsawa. Macen ƙahoninta a miƙe suke, ba ta da geza, kuma tana goye da ɗanta a baya kamar yadda mace ke goyo. Na biyu shi ne mai kwanciya, na yankin Bamako da Beledugu, inda ƙahonin suke kwance a bisa bayan dabbar, baki a buɗe, kamar an kama ta a tsakiyar gudu. Irin wannan sau da yawa guda biyu ake sassaƙawa, kai daban jiki daban, a haɗa su a wuya da ƙusoshin ƙarfe ko fata. Na uku shi ne na kudu, wajen Buguni da Wasulu, wanda aka sarƙa siffofin dabbobi a cikinsa, wata kan wata, har sai mutum ya natsu kafin ya rarrabe kai da jiki.

Abin da nake so a lura da shi shi ne ba gwanki kaɗai ba ne a jikin sassaƙar. A ƙasan ƙahonin sau da yawa akwai jikin dabgi, mai gajerun ƙafafu da ƙusumbin baya da dogayen kunnuwa, wani lokaci kuma da siffar dabbar nan mai sulke da ke naɗe jikinta idan ta ji tsoro, wadda wasu ke kira ɗankunya. Duka biyun dabbobi ne masu tonon ƙasa da farce. Wanda ya haɗa ƙarfin gwanki da naciyar dabgi wajen tono a itace guda ya san abin da yake son faɗa game da manomi. Kuma a tuna, da gizago da wuƙa kawai ake fitar da gezar nan mai sirantaka daga gungumen itace ɗaya, ba tare da ta karye ba, sannan dole nauyin ya daidaita yadda mai rawa zai yi tsalle abin bai rinjaye shi ba.

Ɗalibar Jami'a, Sakkwato:
Malama, Allah ya saka da alheri. Tambayata ita ce: su wane ne ke sassaƙa su, manoman da kansu ko wasu daban? Kuma me ya kawo gwanki cikin sha'anin noma, tunda a saninmu dabbar daji ce da maharba ke nema?

Malamin Tarihi, Zariya:
'Yata, maƙera ne ke sassaƙa su. A ƙasar Mande baki ɗaya, wato yankin Bamana da ƙabilun da suke dangi da su, maƙera, waɗanda ake kira numu, zuriya ce ta daban da ke gadon sana'a kuma suke aure a tsakaninsu. Mazansu na ƙira da sassaƙa, matansu na ginin tukwane. Maƙerin da ya ƙera wa manomi fartanya shi ne kuma ke sassaƙa masa Ciwara, don haka kayan aikin da alamar girmama aikin daga hannu ɗaya suke fitowa.

Game da gwanki kuwa, akwai labarin da Bamana suka gada. Sun ce a farkon zamani mutane ba su san noma ba, sai wata halitta mai suna Ciwara, rabinta mutum rabinta dabba, ta zo ta riƙa tonon ƙasa da farcenta da tsinin sanda, ta mayar da ciyawa hatsi, mutane suka kalla suka koya. Da abinci ya yawaita sai suka fara almubazzaranci, suna zubar da hatsi, suna sakaci da gona. Wannan ya ɓata wa Ciwara rai, ta tona rami ta binne kanta, ba a sake ganinta ba. Da mutane suka gane asarar da suka yi, sai suka sassaƙa siffarta domin su riƙa tunawa. Labarin yana da ruwayoyi daban-daban daga yanki zuwa yanki, amma wannan gargaɗi a kan raina abinci yana nan a mafi yawansu, kuma a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar ba, gargaɗi ne da kowane magidanci ya san nauyinsa.

Almajirin Ilimi, Damagaram:
Malam, ina girmama iliminka, amma dole in faɗi abin da ke raina. Kun kawo labarin wata halitta da aka ce ita ta koya wa mutane noma, an sassaƙa mata siffa, ana fitowa da ita lokacin damina. Ai a zahiri wannan bautar wanin Allah ce, kuma na karanta cewa ƙungiyar Ciwara tana da abin tsafi da ake kira boli, wanda ake yanka kaji a zuba masa jini. Ina tsoron kada mu zauna muna yabon abin da addininmu ya hana, matasa masu karanta mu su ɗauka babu komai a ciki.

Malamin Tarihi, Zariya:
Malam, maganarka tana kan hanya kuma ba abin da za a ɓoye a nan. Gaskiya ne a asali Ciwara ɗaya ce daga cikin ƙungiyoyin asiri na Bamana da ake kira jo. Masana sukan lissafa guda shida: Ndomo, Komo, Nama, Kono, Ciwara da Kore. Gaskiya ne kuma tana da boli, ana kuma yi mata yanka kafin shuka. Wannan ɓangare babu Musulmin da zai ce ya halatta. Amma tarihin abin bai tsaya nan ba, kuma ya taɓa mu ta wata fuska. Daular Segu da Biton Kulibali ya kafa wajen 1712 ta ginu ne a kan addinin gargajiya na Bamana. Wanda ya kawo ƙarshenta shi ne Alhaji Umar Tal, wanda ya zauna shekaru a Sakkwato a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sannan ya koma yamma ya yi jihadi, ya ci Segu a 1861. Faransawa suka karɓe garin a 1890. Daga nan Musulunci ya yi ta shiga ƙauyukan Bamana a hankali, musamman a ƙarni na 20, har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Mali Musulmi ne.

Abin da ya faru da Ciwara a cikin wannan sauyi shi ne ta rabu gida-gida. A wasu garuruwa an watsar da ita gaba ɗaya. A wasu ƙungiyar asirin ta mutu, amma ƙungiyar samarin gari, wadda suke kira ton, ta riƙe rawar da sassaƙar ba tare da boli ko yanka ba, ta mayar da ita abin ƙarfafa gwiwa a ranar aikin gayya. A wasu kuma tsohon tsarin yana nan har yau a hannun 'yan dattawa. Wani likita Ba'amurke mai suna Pascal James Imperato, wanda ya yi aikin rigakafin agana a Mali a ƙarshen shekarun 1960, ya ga waɗannan matakai suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ya kuma rubuta a kai a 1970. Don haka idan mutum ya ce Ciwara, sai a tambaye shi wacce yake nufi.

Almajirin Ilimi, Damagaram:
Na gamsu da rarrabewar, Malam, kuma na ji daɗin yadda ba ka kauce wa tambayar ba. Sai dai har yanzu ina nan kan cewa sassaƙa siffar abu mai rai magana ce da malamai suka yi tsanani a kanta, ko da babu yanka. Sanin tarihin mutane da fahimtar tunaninsu abu ne mai kyau, kuma shi na ɗauka muke yi a nan. Ajiye abin a gida ko shiga rawar kuwa hukunci ne na daban, kowa ya tambayi malaminsa.

Manomin Maraɗi:
Ni manomi ne, gero da dawa da wake nake yi, kuma tun da aka fara wannan magana nake karantawa ina jinjina kai, domin abin da Alhaji na Bamako ya kwatanta na san irinsa ko da ban taɓa taka Mali ba. Mu ma muna da gayya, muna da gangar noma, muna da makaɗan da ke bin manoma suna zuga su, kuma a ƙasarmu akwai sarautar Sarkin Noma, wadda a da mutum ba ya samunta sai ya tara dami dubu ya yi biki ya ciyar da jama'a. Ba ina cewa namu daga nasu ya fito ba ko nasu daga namu. Abin da nake cewa shi ne duk mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan fartanya da ruwan sama na 'yan watanni sai sun nemi hanyar da za su sa saurayi ya ji cewa duƙawa a gona abin alfahari ne.

Wanda bai yi noman firi ba ba zai gane dalilin ba. Ruwa ya sauka, shuka ta tsiro, ciyawa kuma ta taso tare da ita, kana da 'yan kwanaki kaɗan ka raba su, in ka makara amfanin shekara ya tafi. Aiki ne na duƙe daga hantsi har la'asar, ƙugu na ciwo, hannu na ɗurar ruwa, kuma a lokacin ne rumbu ya kusa ƙarewa, ciki ba cike yake ba. Kuɗi kaɗai ba ya sa mutum ya yi wannan aiki da zuciya ɗaya. Amma a buga ganga, budurwar da yake so tana kallo, a kira sunan ubansa da kakansa, sai ka ga yaro ya yi aikin mutum biyu. Shi ya sa duƙawar masu rawar nan ta fi ɗaukar hankalina a kan ƙahonin. A duƙe suke rawa domin a duƙe ake noma.

Malama Mai Koyar da Zane, Kano:
Baba, wannan magana taka ta kawo mu kan wata gardama da masana suka daɗe suna yi. Akwai wani masani da ya yi aiki a Faransa, Dominique Zahan, wanda ya zauna shekaru a yankin Segu, ya tattara zanen ɗaruruwan Ciwara ya wallafa a 1980. Shi ne ya yaɗa fassarar da yanzu ake karantawa a kusan kowane gidan tarihi: cewa namijin yana wakiltar rana, zigzag ɗin gezarsa kuma hanyar da rana ke bi a tsawon shekara, macen tana wakiltar ƙasa, ɗan da ke bayanta shi ne ɗan Adam, zare-zaren da ke lulluɓe mai rawa ruwan sama ne, ƙahonin kuma karan gero ne da ke miƙewa sama. A cewarsa kamar yadda ake bukatar namiji da mace kafin a samu haihuwa, haka ake bukatar rana da ƙasa da ruwa kafin a samu hatsi. Ya kuma ce namijin gwanki ne, macen kuwa mariri.

Fassara ce mai daɗin ji, kuma ina koyar da ita. Amma masu bincike da suka zo bayansa sun nuna cewa Zahan ya ɗinke bayanan da ya samu daga wurare daban-daban ya mayar da su tsari guda mai tsabta fiye da yadda suke a ƙasa, kuma manomi a ƙauye ba lalle ya ba ka wannan jerin ma'anoni ba. Stephen Wooten, wanda ya zauna da manoma a ƙauyukan da ke kusa da Bamako a shekarun 1990, ya samu abin yana raye, kuma abin da mutanen suka fi magana a kai shi ne wane ne gwanin noma a bana, wace ƙungiya ce ta yi fice, wane saurayi ne ya cancanci a ba shi ya ɗauka. Wato abin da Baba ya faɗa ke nan.

Ɗalibar Jami'a, Sakkwato:
Wani abu da ya ba ni sha'awa shi ne matsayin mata. Na ɗauka irin waɗannan ƙungiyoyi ba a barin mace ta ko leƙa.

Ɗan Zangon Bamako:
Haka yake ga Komo, 'yata. Idan Komo ta fito da dare, mata da yaran da ba a shigar ba sukan kulle kansu a ɗaka. Ciwara kuwa da rana take fitowa a bainar jama'a, kuma ba ta cika sai da mata. Su ne masu waƙa, su ne masu fifita, su ne masu kawo abinci da ruwa gona, kuma yabonsu shi ne ladan da samari ke nema. A ƙasar Bamana mace tana noma, tana da 'yar gonarta ta gyaɗa ko kuɓewa, ita ce kuma mai sussuka da casa. Shi ya sa ba a fito da namijin shi kaɗai, kuma an ce ba a ratsawa tsakanin su biyun idan suna rawa. Wannan ne ma yake ba ni takaici idan na ga an sayar da namijin ga wani baƙo saboda ya fi girma da ado, macen kuma an bar ta ko ta tafi wata ƙasa daban.

Malamin Tarihi, Zariya:
Alhaji, ka taɓo inda nake son mu je. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Turawan mulkin mallaka da 'yan kasuwa suka fara kwasar Ciwara zuwa Turai, masu zane na can suka yi sha'awar yadda Bamana ke taƙaita siffar dabba zuwa layuka, daga nan ta zama ɗaya daga cikin sassaƙe-sassaƙen Afirka da aka fi sani. Babban gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya yi baje koli a 2002 wanda Ciwara ce ginshiƙinsa, gidan tarihi na Quai Branly da ke Paris kuma ya yi nasa a kanta a 2006, shekarar da aka buɗe shi. Amma me mai kallo ke gani a can? Itace a kan ƙarfe cikin akwatin gilashi. Sau da yawa an cire kwandon, babu tufafin, babu ganga, babu waƙa, babu gona, kuma a mafi yawan lokuta babu sunan maƙerin ko na ƙauyen, sai dai sunan Baturen da ya taɓa mallakarsa. Ana iya sayar da shi a gwanjo da kuɗin da ƙauyen da ya fito ba su taɓa riƙe irinsa ba.

Malama Mai Koyar da Zane, Kano:
Malam, na yarda da rabin maganarka. Rashin sunan maƙeri zalunci ne, domin mutane ne sanannu a yankunansu, kuma mai ido yana iya gane hannun wani daga na wani. Amma a yi adalci: itace a ƙasarmu ba ya daɗewa, gara da ruwa da wuta suna cinye shi. A al'adar masu abin ma, idan Ciwara ta tsufa ko ta karye, sabuwa ake sa maƙeri ya yi. Da yawa daga cikin tsofaffin da muke nazari a yau da ba a adana su ba da babu su. Kuma ba duka aka sace ba. Akwai waɗanda aka ƙwace da ƙarfin mulki, kamar yadda tawagar wani masani Bafaranshe mai suna Marcel Griaule ta yi wa kayan tsafin Kono a ƙauyukan Bamana a 1931, abin da ɗaya daga cikin 'yan tawagar da kansa ya rubuta. Akwai kuma waɗanda masu su suka sayar bayan sun musulunta, ko a shekarun fari na 1973 da 1984 lokacin da mutum ke sayar da duk abin da ya mallaka don ya ciyar da iyali. Ko wannan ciniki ne na yardar rai ko na tilas, magana ce da ta cancanci a duba ta abu-abu, kada a yi musu kuɗin goro.

Manomin Maraɗi:
Malama, wanda yunwa ta sa ya sayar da kayan kakanninsa, ni ban ga yardar rai a wurin ba. Amma abin da ya fi damuna ba na gidan tarihi ba ne. Ko da an dawo da kowace Ciwara da ke Turai gobe, wa zai ɗauke ta? Abin da ya raunana ta a can shi ne ya raunana gayya a nan. Garmar shanu ta shigo, kuma na ji a kudancin Mali noman auduga ya yaɗa ta ƙwarai, mutum ɗaya da shanu biyu yana yin aikin da da sai an tara samari. Maganin kashe ciyawa ya shigo. Aikin ƙwadago na kuɗi ya maye gurbin taimakon juna. Manyan gidaje sun rarrabu, gandu ya watse. Samari kuma sun tafi birni ko haƙar zinariya. Ban ce a koma wahalar da ba, domin ni kaina da garmar shanu nake huɗa kuma na gode Allah. Amma mun sauƙaƙa aikin, ba mu samar da wani abin da zai ba manomi irin girman da ganga da waƙa ke ba shi ba. Yau yaro yana jin kunyar a ce masa manomi.

Ɗan Zangon Bamako:
Baba, gaskiya ka faɗa, amma kada a ɗauka ta mutu. Na farko, sunan ya fita daga gona ya shiga rayuwar ƙasa baki ɗaya. Bayan samun 'yancin kai a 1960 Mali ta ɗauki Ciwara a matsayin alamar ƙwazo: an buga ta a jikin kan sarki na gidan waya, ta zama tambarin kamfanin jiragen saman ƙasar, kuma har yau za ka ga makarantu da shaguna da ƙungiyoyi masu wannan suna, ana kuma ba wanda ya yi fice a aikinsa kyautar sassaƙarta. Na biyu, rawar kanta tana nan. Akwai wadda ta fito daga Wasulu da ake kira Sogonikun, mai tsalle-tsalle da juyi, wadda 'yan cirani suka kawo Bamako tun da daɗewa, ana yin ta a bukukuwa. Ana kuma fito da Ciwara a taron al'adu irin wanda ake yi a Markala, da bikin bakin kogin Kwara na Segu da aka fara a 2005. Na san rawar dandali a gaban baƙi ba daidai take da ta bakin gona ba, amma ita ce ke sa yaron birni ya san abin, kuma ita ce ke ba maƙeri aiki.

Game da waɗanda ake sayarwa a kasuwa kuma, ina ba masu saye shawara. Kusan duk wadda za ka gani a shago sabuwa ce, an yi ta don sayarwa. Na ga yadda ake shafa musu mai da toka, a rataye su a madafa hayaƙi ya dafa su, ko a binne su gara ta ɗan taɓa, don a ce tsofaffi ne. Sabuwar sassaƙa mai kyau ba aibi ba ce, sana'a ce, a saye ta da sunanta na sabuwa a biya maƙeri haƙƙinsa. Wanda kuwa ya nace sai tsohuwa ta gaske, shi ne ke sa ɓarayi shiga ƙauyuka, kuma dokar Mali ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba.

Ɗalibar Jami'a, Sakkwato:
To a nan ina da tambaya ga Malamin Tarihi. Tun bayan jawabin shugaban Faransa a Wagadugu a 2017 da rahoton da masana biyu, Felwine Sarr da Bénédicte Savoy, suka miƙa a 2018 a kan mayar wa Afirka kayan tarihinta, an fara mayar da kaya: Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a 2021, Jamus kuma ta fara mayar wa Nijeriya tagullan masarautar Benin ta Nijeriya a 2022. Idan aka zo kan Ciwara, wa za a mayar wa? Gwamnati, ko ƙauyen da aka ɗauko ta, wanda wataƙila jikokin masu ita ba sa son ganinta a yanzu saboda addini?

Malamin Tarihi, Zariya:
Tambayar tana da nauyi, 'yata, kuma a nan Ciwara ta bambanta da tagullan Benin. Waɗancan an kwashe su daga fada ɗaya a hari ɗaya a 1897, an san mai su. Ciwara kuwa dukiyar ƙungiyoyin ƙauyuka ce masu yawan gaske, ta fita a tsawon shekaru ta hanyoyi daban-daban, kuma mafi yawansu ba a rubuta inda aka samo su ba. A ganina, wadda aka tabbatar an ƙwace ta a mayar da ita ga Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Bamako, wanda ke da ma'aikata da wurin adana, daga nan hukumomin Mali su yi shawara da mutanen yankin da ta fito. Inda aka san ƙauyen kuma mutanensa suna so, a ba su damar ɗaukarta aro ko a sassaƙa musu irinta su yi amfani da ita. Inda ba sa so, kada a tilasta musu, ta zauna a gidan tarihi 'ya'yansu su je su gani a matsayin tarihi, kamar yadda Malam na Damagaram ya bambance tsakanin sani da aikatawa. Waɗanda za su ci gaba da zama a waje kuma, mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne a haɗa namiji da macensa inda aka san su, a nuna su da kwando da tufafi da hoton bidiyo na rawar, a kuma ɗauki nauyin masu bincike 'yan Mali su bi sawun maƙeran tun dattawan da za su iya gane hannunsu suna raye.